A Tambayi Tsoka Kafin A Ɗinke

Akwai wata hujja da ake yawan jefawa idan aka tayar da zancen gwada tsoka a tsakiyar tiyatar sankarar mama: wai alatu ne na ƙasashe masu arziki. Wannan magana a kife take. Mace matalauciya ce ta fi kowa buƙatar gwajin.

Ga yadda aikin yake. Likitan fiɗa yakan ciro ƙarin da ke cikin mama, da kaluluwar farko ta hammata wadda cutar kan fara sauka a cikinta idan za ta yaɗu. Nan take ake daskarar da tsokar, a yanka ta siriri, a rina, likitan nazarin tsoka ya duba ta a madubin ƙara girma. Cikin kamar minti 20, majinyaciya na barci, amsa kan dawo: ko akwai sauran cuta a gefen yankan, ko ta isa hammata. Dabarar ba baƙuwa ba ce. Tun 1905 Louis Wilson ya bayyana ta a asibitin Mayo da ke Amurka.

Tarihin wannan cuta tarihi ne na rage yanka. William Halsted ya shahara da cire mama da tsokar ƙirji da kaluluwar hammata baki ɗaya. A 1985 binciken Bernard Fisher ya nuna cewa cire ƙarin kaɗai tare da gashi da na'ura yana ba da tsawon rai daidai da cire mama, muddin cutar na matakin farko. A 1994 Armando Giuliano ya nuna cewa shuɗin rini na iya kai likita ga kaluluwar farko. Idan tana da tsabta, ba dalilin kwashe sauran, aikin da kan bar wasu mata da kumburarren hannu har ƙarshen rayuwa.

Masu sukar suna da abin cewa. Gwajin gaggawa kan tsallake ƙananan ɓurɓushin cuta, don haka cikakken gwajin da ke ɗaukar kwanaki ya zama tilas. Haka kuma binciken Giuliano na 2011 ya nuna cewa ba kowace mai cuta a kaluluwa ɗaya ko biyu ke buƙatar a kwashe hammatarta ba, abin da ya rage amfani da gwajin a Amurka. To amma can, idan sakamako ya nuna sauran aiki, ana kiran mace ta dawo. A nan fa? Wadda ta taso daga ƙauye zuwa Kano ko Zariya, bayan an sayar da akuya da buhun gero, tiyata ta biyu tana nufin sabon bashi da sabon neman izini a gida. Wata ba za ta sake dawowa ba. Likitan da ya san haka kan cire komai don gudun da-na-sani, kuma ba a ga laifinsa: wuƙa ba ta da ido.

Wasu kuma na cewa mafi yawan matanmu sai cuta ta yi nisa suke zuwa, don haka zancen matakin farko ɓata lokaci ne. Ai tsoron rasa mama na cikin abin da ke tsayar da su a gida. Ranar da mace ta koma unguwa da lafiyarta da mamanta, ta yi wa'azin da babu tallan rediyon da zai yi.

Gwamnatocinmu sun iya gina ɗakin tiyata su yanke kintinkiri. Abin da ba ya fitowa a hoto shi ake mantawa: na'urar daskarar da tsoka, wutar da ba ta ɗaukewa, da albashin da zai hana likitan nazarin tsoka tafiya waje. Duk asibitin koyarwa da ke tiyatar mama ya cancanci waɗannan ukun, kuma duk majinyaciya na da haƙƙin tambaya kafin ta sa hannu: wa zai duba abin da aka ciro, kuma yaushe?