Yadda Real Madrid ta mayar da Bernabeu kasuwar 'yan yawon buɗe ido

Wasa 19 kacal Real Madrid ke bugawa a gida a gasar La Liga duk kaka. Ko an haɗa da na Kofin Zakarun Turai da na Copa del Rey, filin Santiago Bernabeu zai shafe yawancin ranakun shekara ba a taka leda a cikinsa ba.

Waɗannan ranaku ne shugaban ƙungiyar, Florentino Perez, ya ƙudiri aniyar mayarwa kuɗi.

Me baƙo ke gani?

Wanda ya sayi tikitin zagaye yana shiga gidan tarihin ƙungiyar, inda aka jera Kofin Zakarun Turai 15 da ta lashe. Yana leƙa filin daga saman kujerun 'yan kallo, ya ɗauki hoto, sannan hanyar fita ta bi da shi ta shagon sayar da riguna. Ga masoyin Madrid da ya saba kallonta a gidan kallo a Kano ko Maraɗi, wannan ziyara buri ce ta rayuwa. Ga ƙungiyar kuwa, ciniki ne na kullum.

Gyaran da ya sauya lissafi

An buɗe filin a 1947, aka fara yi masa gagarumin gyara a 2019. Yanzu yana da rufin da ke buɗewa da rufewa, kuma ana iya raba ciyawar gida shida a zura ta ƙarƙashin ƙasa, domin a yi wasu taruka a sama.

A 2022 ƙungiyar ta karɓi yuro miliyan 360 daga kamfanonin Sixth Street da Legends, bisa sharaɗin su riƙa samun kaso daga ribar sabbin harkokin filin tsawon shekara 20. A kakar 2023/24 ta zama ƙungiyar ƙwallo ta farko da kuɗin shigarta ya haura yuro biliyan ɗaya.

Wa ke ɗaukar nauyin?

Filin yana tsakiyar unguwar jama'a ne a birnin Madrid. Bayan Taylor Swift ta yi wasa a can a Mayun 2024, da wasu mawaƙa da suka biyo baya, maƙwabta suka yi ta ƙorafin hayaniya har maganar ta kai kotu. A Satumban shekarar ƙungiyar ta dakatar da bukukuwan waƙa.

Hakan ya ƙara wa baƙon da ke yawo da waya a hannu daraja, domin shi ba ya hana kowa barci, kuma yana zuwa ko da wasa ko babu.

Sauran ƙungiyoyi na bin sahu. Barcelona ta bar Camp Nou a 2023 domin sake gina shi, Manchester United kuma ta sanar a Maris 2025 cewa za ta gina fili mai ɗaukar mutum 100,000. Tambayar da ke gabansu ita ce wa za a fifita wajen farashin tikiti da rabon kujeru: ɗan gari mai zuwa kowane mako, ko baƙon da zai zo sau ɗaya ya kashe kuɗi da yawa.