Dokar Kulle ta 2020 a Karaye da Rogo: Fa'idodi da Illoli

A daren Alhamis 16 ga Afrilun 2020 gwamnatin Kano ta kulle jihar baki ɗaya, kwana biyar bayan an tabbatar da mutum na farko da ya kamu da korona a cikin birni. Mako ɗaya aka ce da farko. Ranar 27 ga watan Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙara mako biyu, aka yi ta ƙari, ba a ɗage dokar gaba ɗaya ba sai 2 ga Yuli. Azumin shekarar kaf a cikin kulle aka yi shi. Doka ɗaya ce ta hau kan ƙananan hukumomi 44, yadda ta hau kan Fagge da Dala haka ta hau kan Karaye da Rogo a can yammacin jihar, alhali zaman mutanen wuraren da hanyar abincinsu ba iri ɗaya ba ne.

Wanda ya ce cutar ƙarya ce bai yi wa matattu adalci ba. A watan Afrilun nan masu haƙar kabari a birni suka fara kokawa da yawan gawarwakin da ake kawo musu, aka yi ta rasa dattawa, malaman jami'a da attajirai da masu sarauta. A watan Yuni Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya bayyana sakamakon binciken da aka yi: mutum 979 suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na mace-macen ana danganta su da korona. Akasarinsu sun haura shekara 65.

Ƙwayar cutar ta numfashi take bi. Mai ɗauke da ita ya yi tari ko atishawa, ko magana kawai a ɗakin da iska ba ta ratsawa, na kusa da shi ya shaƙa. Tana iya kwantawa a jiki har kwana 14 kafin ta nuna kanta, wani ma ba za ta taɓa kwantar da shi ba. Nan haɗarin yake. Saurayi ɗan ci-rani ya baro kasuwar Kantin Kwari ko ta Singa garau, ya iso gida, ya shiga ɗakin kakarsa mai hawan jini ko ciwon suga ya durƙusa ya gaishe ta. Shi ya yi 'yar mura ya warke, ita numfashinta ya sarƙe. Wanda huhunsa ya kai wannan matsayi iskar oksijin yake buƙata, kuma manyan cibiyoyin killace masu cutar suna birni da kewayensa, a Kwanar Dawaki da filin wasa na Sani Abacha da asibitin Giginyu. Dattijon da ke wani ƙauye a ƙasar Rogo, kafin a samo mota a kai shi can, rai ya yi halinsa.

Saboda haka babbar fa'idar kullen ga mutanen karkara ita ce rage zirga-zirga tsakaninsu da birni a daidai makonnin da wutar ke ci. Duk motar da ba ta taso daga Kano ta nufi Gwarzo da Karaye ba, wata hanya ce da aka toshe wa cutar. Wannan riba ce da ba a ganinta, domin ba wanda ke ƙirga jana'izar da ba a yi ba, shi ya sa mutane suka raina ta. Ni ban raina ta ba. An kuma sami 'yan kwanakin da aka ƙara wuraren gwaji, aka horar da ma'aikata, aka juya da ma'aikatan rigakafin shan-inna, waɗanda suka san kowane lungu, zuwa bin sawun masu cutar. A ƙofar wasu masallatai da shaguna aka ga bokiti mai famfo da sabulu, al'adar da amfaninta ya wuce korona kaɗai, har gudawa da amai tana karewa.

Sai dai a tsaya a dubi lokacin. Afrilu da Mayu, bazara ce. Manomin rani a gefen madatsar ruwa ta Challawa ko ta Kusalla yana kwashe ƙarshen kayan lambunsa, tumatir da tattasai, abin da ba ya jiran kowa. An rufe kasuwa, dillali bai zo ba, motar Kudu ba ta shigo ba, kwando ya kwana biyu a rana ya fara tsiyaya. Da kuɗin wannan kwandon zai sayi taki da iri kafin ruwan farko ya sauka. Wanda ya rasa takin Mayu, a rumbunsa zai gani a Oktoba. Haka mai mazarƙwaila a Rogo, wanda cinikinsa ya saba tsallakawa Makarfi a Kaduna da Ɗanja a Katsina. Tun ƙarshen Maris aka rufe iyakokin jihar, ga shi a wannan yanki iyaka layi ce a takarda kawai, auratayya da zumunci da kasuwa duk sun ratsa ta. Abin da ya biyo baya kowa ya sani: aka bar titi aka koma hanyoyin gona a kan babur, kuɗin mota ya ninka, mutane ba su fasa tafiya ba, sai dai sun yi ta a ɓoye inda ba mai duba lafiyarsu.

Ga kuma masu hannu baka hannu ƙwarya: mai tallan ƙosai, ɗan dako, mai faci, matar da ke sayar da ƙuli-ƙuli a cikin gida. An ce su zauna, ba a ce ga abin da za su ci ba. Tallafin da aka yi ta sanarwa a rediyo bai kai yawan mabuƙata ba ko kusa. Da aka sassauta, aka ware Litinin da Alhamis don sayen abinci, sai jama'ar mako guda ta taru a 'yan sa'o'i, kafaɗa da kafaɗa. Cunkoson da aka kafa dokar don hanawa, ita ta haifar da shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne almajirai. Gwamnonin Arewa suka yanke shawarar kowa ya mayar da yara jiharsu ta asali. Aka riƙa loda su a motoci ana ratsa jihohi da su a tsakiyar annoba, wasu da aka sauke a Kaduna da Jigawa gwaji ya nuna suna ɗauke da cutar. Waɗanda aka dawo wa Kano da su an killace su a Kiru da Gabasawa da sansanin masu yi wa ƙasa hidima da ke Karaye. Yaro ɗan shekara takwas, an raba shi da malaminsa, bai isa ga uwarsa ba, yana kwana cikin baƙin fuskoki masu takunkumi, ba wanda ya zauna ya yi masa bayanin laifin da ya yi. Killacewar kanta daidai ce a ilimin lafiya. Jigilar da ta gabace ta ce ba ta da hujja, domin da an bar su a tsangayunsu an kai musu abinci da gwaji, da an fi tsare su, an fi tsare garuruwan da aka kai su.

Makarantu sun zauna a rufe daga ƙarshen Maris har Oktoba. Ɗan birni ya ɗan bi darasi a rediyo ko waya, ɗan ƙauye ya bi babansa gona, yarinyar da aka yi wa miji a wannan tsakanin ba ta koma aji ba. Mata da yawa sun ƙaurace wa awon ciki da rigakafin jarirai don tsoron kada a ce suna da korona. Tun daga ƙarshen 2022 mashaƙo ta ɓarke, Kano ce ta fi kowace jiha jin jiki, kuma yawancin yaran da ta kama ba su da cikakken rigakafi. Giɓin rigakafin ya girmi korona, amma shekarar kulle ta ƙara masa faɗi.

Idan na auna, rufe birni a makonnin farko ya dace, haka taƙaita shiga da fita tsakaninsa da karkara. Rufe kasuwar ƙauye da hana manomi kai amfaninsa, wannan cutarwarsa ta rinjayi amfaninsa. Kasuwar ƙauye a fili take ci, iska na kaɗawa, haɗarinta bai kai na ɗakin zaman makoki ko motar da aka cusa mutum goma ba. Da an bar ta tana ci an baza rumfuna, an zuba ƙarfi wajen kare tsofaffi a cikin gidaje, da an sami kariyar ba tare da yunwar ba. Kuma a lokacin Karaye na da sarki mai daraja ta ɗaya tun 2019, ga hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai, mutanen da suka san wane ne ya dawo daga birni jiya da daddare, kuma a wane gida tsohuwa mai tari take. Su ya kamata a fara tambaya kafin a rubuta dokar da za ta hau kan ƙasarsu.