Kwana Uku a Tanti a Duwatsun Atlas na Maroko

 Yau ku ɗauko taswirar Afirka, ku ɗora yatsa a kan ƙasar Maroko. Kudu da birnin Marakesh za ku ga jerin duwatsun Atlas. A nan dutsen Tubƙal yake, mai tsayin mita 4,167, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Arewacin Afirka. Don ku gane girmansa, Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda ya fi ko'ina tudu a Najeriya, mita 2,419 ne.

A gindin wannan dutse akwai ƙauyen Imlil, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba a mota daga Marakesh. Daga nan ni da abokan karatuna muka fara tattaki na kwana uku, muna kwana a tanti a gefen ƙauyuka. Alfadari ne ya ɗaukar mana kaya, ɗan gari kuma ya yi mana ja-gora. Mai son hawa Tubƙal ɗin kansa ma, doka ta wajabta masa ɗaukar ja-gora.

Malamin jogirafi ya gaya muku cewa duk mita 1,000 da aka hau, zafi yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi. A takarda, lissafi ne kawai. A cikin tanti, da tsakar dare, sai bargo biyu da safa. Ƙauyen Imlil kansa yana sama da mita 1,700, shi ya sa ake zufa a Marakesh, nan kuwa ana neman rigar sanyi.

Mazauna wurin Amazigawa ne, waɗanda ake kira Barbar. Harshensu ɗan'uwan harshen Buzayen Agadas ne. Ba su da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu, don haka suka sassare jikin dutse hawa-hawa kamar matakala, suka tokare kowane hawa da duwatsu don kada ruwa ya kwashe ƙasar. A kai suke noman sha'ir da masara da tuffa. Ruwan dusar ƙanƙara da ke narkewa daga sama kuwa, sun yi masa ƙananan magudanai, kowace gona da lokacinta na sha. Ranar Asabar sai a gangara kasuwar Asni a yi cefane.

Abincinsu ma akwai dabara a ciki. Tajin tukunyar ƙasa ce mai murfi kamar malfa mai tsini. Tururi yana hawa, ya taru a murfin, ya koma kan nama da dankali da karas, saboda haka ruwa kaɗan ya isa girki. Da burodin tanderu ake ci, da hannun dama, a kwano ɗaya, kowa ya ci gabansa. Ranar Juma'a kuskus ake yi. Shayin na'a-na'a kuwa daga sama ake tsiyayo shi har ya yi kumfa, kuma shi ne marabar baƙo.

Ranar 8 ga Satumba, 2023, girgizar ƙasa ta afka wa wannan yanki, ta kashe mutane kusan 3,000, ƙauyukan kan dutse ne suka fi jin jiki. Iyalai da yawa sun daɗe suna kwana a tanti bisa dole. Mai zuwa yawon buɗe ido sai ya san a inda yake: ya nemi izini kafin ya kafa tanti ko ya ɗauki hoton mutum, ya sayi abinci a hannun mutanen gari, ya kwashe shararsa ya tafi da ita.

Mu 'yan makaranta mun mayar da kalmar "baƙauye" zagi. Amma wanda ya iya raba ruwa tsakanin gonaki a jikin dutse yana da ilimin da jarrabawa ba ta aunawa, kuma irinsa na nan a ƙauyen kowannenmu. Wannan hutun, idan an kai ku gaida kakanni, ku tafi da littafi da biro. Ku tambayi yadda ake gina rumbu, da yadda manomi ke gane shuka ta yi, da sunayen itatuwan da ke bakin rafi. Ku rubuto abin da kuka samo, za mu buga waɗanda suka fi armashi. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.