Kafin A Jefar Da Tsohuwar Na'ura, Kafin A Sayo Gwanjo

Ko shakka babu, duk wanda ya taɓa kwana a Garwa cikin watan Maris ko Afrilu ya san cewa fanka da firij da na'urar sanyaya ɗaki, wadda a nan muke kira kilimatiza, 'yan'uwanmu na Najeriya kuma suke cewa iyakwandishan, sun daɗe da fita daga sahun kayan ƙawa. Zafi kan haura digiri 40 da rana, dare ya yi kuma bango ya riƙa amayar da abin da ya sha. Ga mai sayar da ƙanƙara ko ruwan sanyi ko kifin Lagdo, firiza ita ce jarin gaba ɗaya, ranar da ta tsaya kasuwa ta tashi. Shi ya sa kowace shekara, da zarar hunturu ya juya baya, sai ka ga an yi cincirindo a rumfunan masu gyara, kowa da tambaya guda: in gyara ko in sayi wata?

A ganinmu mutane da yawa suna amsa wannan tambaya a baibai. Suna jefar da abin da ya kamata a gyara, suna kuma zuba kuɗi a kan abin da ya riga ya mutu.

Yawancin abin da ke tsayar da na'ura a ƙasarmu ƙananan abubuwa ne. Ƙurar hunturu kan toshe rariyar ciki da haƙarƙarin waje, zafi ya rasa hanyar fita, injin ya yi ta nishi ɗaki bai yi sanyi ba; maganin wannan wanki ne kawai. Fankar da ta koma juyawa kamar mai jin barci, sau da yawa kafasita ce ta gaji, kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Sai maganar gas, inda aka fi cutar jama'a. Gas ɗin firij ko na kilimatiza ba ya ƙarewa kamar man mota, zagayawa yake yi cikin bututu a rufe. Idan ya ragu, akwai inda yake tsiyaya. Saboda haka mai gyaran da ya ce maka a ƙara gas, bai nemi hujin ya liƙe ba, ya san za ka dawo masa bayan wata biyu, kuma da kuɗinka a hannu.

To amma idan kwamfuresa ce ta ƙone, wato zuciyar na'urar, nan ne ya kamata maigida ya tsaya ya duba takardar da ke manne a jikinta. Idan an rubuta R12, wannan gas ne da ƙasashe irin namu suka daina shigo da shi tun 2010, bisa yarjejeniyar Montreal ta 1987 da aka ƙulla don kare sararin samaniya. Idan R22 ne, wanda shi ne a cikin tsofaffin kilimatiza masu yawa, shi ma ana rage shi mataki-mataki, kuma 2030 ce shekarar da aka tsayar don kawo ƙarshensa, in ban da ɗan abin da za a bari na gyara. Ɗan kasuwa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan abin da ke faruwa da farashin kayan da ke ƙaranci, da kuma yadda jabu ke cika kasuwa a irin wannan lokaci. Sa sabuwar kwamfuresa a tsohuwar na'urar R22 wadda bututunta ya riga ya ci tsatsa, asarar kuɗi ce. Irin wannan a haƙura da ita.

Sai lissafin wuta, wanda mutane ba su cika yi ba sai takarda ta zo. A jadawalin da aka kafa a 2012, gidan da bai wuce kilowat 110 a wata ba yana biyan sefa 50 kan kowane kilowat, wanda ya haura haka zuwa 400 kuma sefa 79. Kilimatiza mai ƙarfin doki ɗaya da rabi tana jan sama da kilowat guda a awa. A kunna ta awa 8 kowane dare, ita kaɗai za ta kusa kai kilowat 300 a wata, wato sama da sefa dubu 20. Fankar sama kuwa ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. Tsohuwar na'ura mai datti ta fi haka ci. Sababbin da ake kira inbata suna rage cin wuta ƙwarai, sai dai allon lantarkin da ke cikinsu ba ya jure wasan wuta, kuma ba kowane mai gyara ne ya iya shi ba.

Wasan wuta kuwa mun san shi. Arewacin Kamaru ya dogara shekara da shekaru a kan madatsar Lagdo, wadda 'yan Sin suka gina a kan Binuwai aka gama a 1982, mai ƙarfin megawat 72, kuma duk shekarar da ruwa ya ja baya, kamar yadda muka gani a 2021, sai a koma rabon wuta unguwa-unguwa. Tashoshin hasken rana na Gidar da Marwa da aka buɗe a 2023 sun kawo sauƙi, amma wutar da ke ɗaukewa ta dawo da ƙarfi, ko ta zo a raunane, har gobe ita ce babbar mai kashe kwamfuresa. Wanda ya sayi sabuwar na'ura bai haɗa ta da regilata ba, wato sitabilaiza, bai gama sayayya ba. In wuta ta dawo kuma, a dakata minti 5 kafin a kunna.

Inda muke son 'yan kasuwarmu su saurare mu da kyau shi ne batun gwanjo, domin ta hannunsu kayan ke shigowa, daga Duwala ko ta Mubi da Yola. Firij da aka ƙera don gidajen Turai yawanci yana ɗauke da alamar N ko SN, ma'ana an yi shi ne don wurin da zafinsa bai wuce digiri 32 ba. Mai alamar ST yana jure 38, mai alamar T kuma 43. Haka ita ma kilimatiza, mai alamar T3 ce aka yi wa ƙasashe masu tsananin zafi. Ka ɗauko firij mai N da ya yi shekaru yana aiki a Faransa ko Beljiyam, ka ajiye shi a shagon kwano a Yalwa ko Kuseri cikin Afrilu, ai ka san sauran labarin. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Matar da ta tara kuɗin adashinta ta sayi irin wannan firiza don sayar da ƙanƙara, ta mutu mata kafin damina, ba za ta tuna da kamfanin da ya ƙera ta ba, sunan wanda ya sayar mata za ta riƙe, kuma za ta faɗa wa duk unguwa.

Ghana ta hana shigo da firij da kilimatiza na gwanjo tun 2013, bayan ta lura da yawan wutar da suke cinyewa. Ba mu ce lallai a kwaikwayi Ghana gobe da safe ba, don mun san mutane nawa ke cin abinci ta wannan hanya, kuma talaka ba shi da kuɗin sabo. Abin da muke nema daga hukumar kula da ingancin kaya ta ANOR da jami'an kwastan shi ne su tsaya kan na'urori masu R12 da R22 kada su ƙetaro, ƙungiyoyin 'yan kasuwa kuma su ɗora wa mambobinsu nuna wa mai saye alamar da ke jikin kaya, tare da ba shi wa'adin gwaji a rubuce. Masu gyara su ma suna bukatar horo, domin gas ɗin sababbin na'urori, irin su R600a da R32, yana kamawa da wuta, kuma walda a kan bututun da ba a zuƙe shi ba kan iya tayar da gobara a rumfa.

Ɗumama ɗaki kuwa ba ya cin mana kuɗi sosai, makonni kaɗan ne a Disamba da Janairu, bargo ya wadatar. Abin da kawai za mu roƙa shi ne a daina kwana da kaskon gawayi a ɗaki rufe, musamman inda yara da tsofaffi suke, domin iskar da yake fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa cikin barci.