Harhaɗa Jirgin Kwaikwayo: Ado Ya Fi, Ko Gaskiya?

Ina roƙo ku ba ni hankalinku kaɗan, in kawo muku wata gardama da ta haɗa ni da wani abokina a ɗakin sana'a, ku yi mana shari'a. Ni da shi muka haɗa kuɗi, aka sayo mana kwali biyu iri ɗaya, kowane kwali da gutattsarin roba a ciki, waɗanda in an harhaɗa su sai su zama ɗan ƙaramin jirgin saman yaƙi, kwaikwayon wanda Ingilishi su ke kira Hurricane, samfurinsa na fari. Abokina kwana biyu ya yi ya gama nasa. Ya shafe shi da fenti mai ƙyalli, ya zana masa baki irin na babban kifi, haƙora zaƙo-zaƙo, sa'an nan ya tsinto waɗansu bamabamai da suka ragu daga kwalin wani jirgin Jamus ya maƙala masa a ƙarƙashin fukafukai. Jama'a suka taru suna ta yabo. Nawa kuwa sai da ya ci mako uku, ya fito da launin ƙasa, fururu kamar kunkuru, ba wanda ya dube shi sau biyu.

Na ce masa, “Wane, wannan jirgi naka na wace shekara ne, a ina kuma ya yi aiki?” Ya ce, “Haba wane, kuɗina na sa na saya, ba ni da ikon yi masa adon da na so?” To, ga abin da na gani. Wanda ya ɗauki kwalin nan ya ce zai yi kwaikwayon jirgin da ya taɓa kasancewa, ya zama mai ba da shaida, mai shaida kuwa ba shi da ikon ƙara gishiri don maganarsa ta yi daɗi.

Mu fara da ma'auni, gama shi ne tushen aikin duka. A bayan kwalin an rubuta 1 bisa 72. Ma'anarsa, inci 1 a jikin ɗan jirgin yana tsayawa a madadin inci 72, watau ƙafa 6, a jikin na gaske. Faɗin Hurricane daga bakin wannan fiffike zuwa na wancan ƙafa 40 ne, inci 480 ke nan. In ka raba da 72 sai ka sami inci 6 da sulusi biyu. Ɗauki rula ka auna ɗan jirgin, haka za ka tarar. Dogon mutum mai ƙafa 6, in ya tsaya kusa da shi, inci 1 tak zai zama. Wannan ma'auni daɗaɗɗe ne. Tun 1932 wani Ba'ingilishi, James Hay Stevens, ya tsara ƙananan jirage na katako a bisansa, masu suna Skybirds, a 1936 kuma aka fito da na roba masu suna Frog Penguin. Amfaninsa shi ne, in ka jera jirage goma da aka yi bisa ma'auni ɗaya, ido ya ga babba ya ga ƙarami yadda su ke a fili. Tun daga bayan kwali ke nan an yi wa mai kallo alkawarin gaskiya.

Me ya sa muka zaɓi Hurricane? Domin jirgi ne da ƙasarmu ta sani. Sydney Camm ne ya tsara shi a masana'antar Hawker, ya fara tashi ran 6 ga Nuwamba 1935, kafin a daina ƙera shi kuma an yi fiye da 14,000. A watan Yuni 1940 Italiya ta shiga yaƙi a gefen Jamus, hanyar Bahar Rum ta zama mai hatsari ga jiragen ruwan Ingila, zagayen ƙurewar Afirka ta kudu kuwa nisa gare shi ƙwarai. Sai aka yi dabara. A kwance jirgin sama a Ingila, a zuba shi cikin manyan akwatuna, jirgin ruwa ya sauke shi a Takoradi, a ƙasar da yau a ke kira Gana, a harhaɗa shi can. Daga nan ya tashi ya biyo ta Ikko, da Kano, da Maiduguri, da Fort Lamy wadda yanzu ita ce Njamena, ya ratsa Darfur zuwa Hartum, ya gangara Alƙahira, tafiyar fiye da mil 3,500. Hanyar ta samu ne domin Félix Éboué, Gwamnan Cadi, ya bi sashen Janar de Gaulle a watan Agusta 1940. Ayarin fari ya tashi a watan Satumba na shekarar nan, babban jirgi Blenheim yana gaba yana nuna hanya, su Hurricane na biye kamar 'yan tsaki bayan kaza. Daga 1940 zuwa 1943 jirage fiye da 5,000 suka bi ta nan. Ku duba fa, ashe jirgin gaske ma a akwati ya zo, guntu-guntu, kamar namu. Da makanikan Takoradi sun yi irin aikin abokina, wannan ya ɗauki ƙusar wancan ya sa inda ya ga dama, da matuƙa nawa za su isa Kano?

To, mai son ya yi jirgin da ya sauka Kano, akwai abubuwan da tilas ya lura da su, kowane ɗaya kuwa da dalilinsa. A ƙarƙashin hanci akwai wani kumburi kamar haɓar zalɓe. Matacin iska ne, an ƙara shi domin rairayi da ƙura suna cinye inji a ƙasashen zafi. Jirgin da ya zauna Ingila ba shi da shi. Farfela kuma, Hurricane na farko-farko mai reshe biyu ce ta katako, daga baya aka koma mai reshe uku. Wani kwalin ya kan zo da duka biyu, ya rage gare ka ka san wadda ta dace da shekararka. Rabin jikinsa na baya yadin lilin ne aka ɗaura bisa ƙashin bututun ƙarfe da katako, don haka za ka ga dogayen layuka kamar haƙarƙari. Wanda ya goge su da takardar yashi don jikin ya yi sumul, ya share babbar alamar da ta raba shi da Spitfire. Launi ma haka. Jiragen Ingila kore ne da ƙasa-ƙasa, daga baya na hamada suka koma ƙasa-ƙasa da ruwan rairayi, ciki kuwa shuɗi mai haske, kuma ba a so su yi ƙyalli, don ƙyalli ya kan tona asirin jirgi daga nesa. Bakin kifin nan da abokina ya zana, an san shi ne da wata runduna ta Ingila mai lamba 112, a jikin jiragenta ƙirar Amurka masu suna Tomahawk, a hamadar Masar a 1941. Ya ciro shi daga can ya liƙa wa wani jirgi dabam ba tare da ya ga hoto ko ɗaya ba. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Kada a ce ni maƙiyin ƙawata aiki ne. Ƙawatawa ita ce rabin daɗinsa, amma ita ma ma'auni ya ke mulkinta. Ga misali. Waɗansu su kan ɗauki bakin allura su zurfafa layukan da ke tsakanin fallayen ƙarfe, su cika su da baƙin fenti don su fito sosai. In faɗin layin nan ya kai kashi 1 cikin 100 na inci, riɓa shi sau 72, sai ya zama tsaga mai kusan rubu'i uku na inci a jikin jirgin gaske, wadda yatsa zai shige. Wa zai yarda ya hau jirgi mai irin wannan tsaga? Haka kuma wayar rediyo da ke tafiya daga bayan matuƙi zuwa wutsiya. In ka sa zaren ɗinki mai kaurin kashi 1 cikin 50 na inci, ka ɗaura wa jirgin igiya mai kaurin kusan inci ɗaya da rabi, irin ta ɗaure raƙumi. Abin da gwanaye su ke yi shi ne su ɗauki guntun sandar robar da gutattsarin su ke maƙale a jiki, su gasa tsakiyarta sama da kyandir har ta yi laushi, su ja ta a hankali ta zama siririya kamar gashi. Baƙin hayaƙi a bayan bututun inji, da ƙura a taya, da ɗan kojewar fenti inda matuƙi ya ke takawa ya hau, duk daidai ne, muddin an sa su inda hoto ya nuna, gwargwadon yadda ya nuna.

Sauran aikin haƙuri ne zalla. A yanke kowane guntu da reza, kada a murɗe shi da hannu. A gwada shi a wurinsa kafin gam ya taɓa shi. Gam ɗin roba narkar da ita ya ke yi, ɗigo ɗaya ya isa, in kuwa ya taɓa murfin gilashi na matuƙi ya dushe shi har abada, saboda haka farin gam na kafintoci a ke sa wa murfin. A fente kujera da cikin ɗakin matuƙi tun ba a rufe jikin ba. Fenti kuma tsararo, shafa biyu ko uku, kowace ta bushe kafin ta gaba, ya fi shafa ɗaya mai kauri wadda za ta binne layukan duka. Tamburan da a ke jiƙawa a ruwa, da matsefata a ke ɗaukarsu. Ba wani asiri a ciki, sai dai kowane mataki da ka tsallake yana nan yana jiranka a ƙarshe.

Wani zai ce, duk wannan wahala a kan abin wasa? Ku ji abin da ya faru a Amurka a 1942. Hukumar sojan ruwa ta roƙi 'yan makaranta su sassaƙa ƙananan jirage 500,000 da katako, na abokai da na abokan gaba, bisa wannan ma'auni na 1 bisa 72, a shafe su baƙi. Da su a ke koya wa soja gane jirgi daga siffarsa kaɗai. In an rataye ɗan jirgin a nisan ƙafa 35, ido yana ganinsa kamar na gaske a nisan kusan rabin mil. Kowane ɗaya sai an duba shi an auna kafin a karɓa, domin yaron da ya karkace wutsiya ko ya tsawaita hanci yana iya jawo mai bindiga ya harbo ɗan'uwansa. Yara ne suka yi aikin, amma ba wanda ya ce da shi wasa.

Amma kada in zalunci abokina, yana da gaskiyarsa. Kuɗinsa ne, lokacin hutunsa ne, nishaɗi kuma ba laifi ba ne. In ya ce, “Wannan jirgin zuciyata ne, ban kwaikwayi kowa ba,” to, ba ni da ta cewa, sai in taya shi neman jan fenti. Inda muka rabu shi ne, yana nufin ya tafi da shi aji lokacin gwajin koyarwa, ya ɗaga shi ya ce wa yara, “Ga irin jirgin da ya sauka Kano.” Nan fa ya fita daga wasa ya shiga amana. Yaro ba shi da littafin da zai duba ya ƙaryata Malam. Abin da ya gani a hannun Malam shi zai riƙe har tsufansa, shi kuma zai gaya wa 'ya'yansa. Kuskuren allo a kan share shi da tsumma kafin a tashi, amma abin da aka taɓa da hannu ya kan daɗe a zuciya.

Akwai kuma wani malaminmu da ya yi mini magana mai nauyi. Ya ce, “Kai, abin kisa ne fa ka ke lallaɓawa, bindiga takwas gare shi a fukafukai.” Na ce, “Gaskiya ne, Malam.” Don haka ne ma na fi tsoron ƙyalli da haƙoran kifi. Su ne su ke mai da yaƙi abin sha'awa a idon yaro. Jirgin da aka yi shi yadda ya ke, da ƙurarsa da baƙin hayaƙinsa, ya kan jawo tambayoyin kirki: wa ya share filin da ya sauka, wa ya ɗauko masa mai, me ya sami matuƙin da injinsa ya mutu tsakanin Maiduguri da Darfur? Malami mai gaskiya ya amsa su duka, har da waɗanda ba su da daɗin ji.

Saboda haka ga shawarata ga duk mai wannan aiki a cikinmu. Kafin ka buɗe gam, zaɓi jirgi guda, da shekararsa, da wurin da ya yi aiki, ka nemi hotonsa. Abin da ba ka gani ba kada ka sa. In ka gama, rubuta 'yar takarda ka ajiye kusa da shi, da sunansa, da ma'auninsa, da shekararsa, in kuma akwai wurin da ka yi kirdado, faɗi a takardar. Malaman Lissafi da na Labarin Ƙasa kuwa, ina roƙonsu su leƙo ɗakin sana'a, gama a cikin kwalin nan guda akwai darasin rabawa da riɓawa, akwai taswirar Afirka tun daga Takoradi har Alƙahira.

Abokina dai har yanzu bai sallama ba, amma jiya na gan shi ya karɓi rula a wurin mai ajiyar kaya yana auna fiffike. Wanda ya ga na yi kuskure, filin mujallar nan a buɗe ya ke, ya amsa mini, zan saurara. Allah Ya sa mu zama masu gaskiya a ƙaramin abu da babba, amin.