Makaranta, waƙa da titi: Yadda matasan Najeriya ke kallon rashin adalci

A ranar Juma'a, 1 ga Nuwamban 2024, aka gurfanar da mutum 76 a gaban Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja bisa tuhumar cin amanar ƙasa da tayar da tarzoma, sakamakon zanga-zangar tsadar rayuwa da aka yi a watan Agustan shekarar. Kimanin 30 daga cikinsu yara ne 'yan shekara 14 zuwa 17 da aka kamo daga Kano da wasu jihohin Arewa, sun kuma shafe kusan wata uku a tsare. Ana cikin zaman kotu huɗu suka yanke jiki suka faɗi. Kotu ta sanya belin Naira miliyan 10 a kan kowannensu. Bayan kwana uku, da surutu ya yi yawa a ciki da wajen ƙasa, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya ba da umarnin a saki yaran.

An sake su, kowa ya koma gida, amma tambayar da hotunansu suka tayar tana nan daram: me ya fitar da yaron da ya kamata a ce hankalinsa na kan jarrabawa zuwa titi? Wanda ke neman amsa sai ya duba wurare uku da matasan ƙasar nan suka fi bayyana abin da ke ransu, wato makarantar da suke kuka da ita, da waƙoƙi da fina-finan da suke yi suke kuma kallo, da titin da suke fita idan tura ta kai bango.

Yawa babu murya

Kusan rabin al'ummar Najeriya ba su wuce shekara 18 ba. A rajistar da hukumar zaɓe ta INEC ta fitar gabanin zaɓen 2023, daga cikin masu zaɓe miliyan 93.4, kusan kashi 40 cikin 100 'yan shekara 18 zuwa 34 ne, kuma ɗalibai ne rukuni mafi girma idan aka kasa masu rajistar bisa sana'a. Duk da haka, waɗanda suka fita zaɓen shugaban ƙasa a waccan shekara ba su wuce kashi 27 cikin 100 na masu rajista ba.

Wannan giɓi tsakanin yankar kati da jefa ƙuri'a yana nuna yadda matasa da dama suka yanke ƙauna daga akwatin zaɓe. Dokar rage shekarun tsayawa takara da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Mayun 2018 ta sauko da shekarun neman shugabancin ƙasa daga 40 zuwa 35, na Majalisar Wakilai da majalisun jihohi kuma daga 30 zuwa 25. Sai dai dokar ba ta taɓa kuɗin fom ba. A 2022 jam'iyyar APC ta sayar da fom ɗin takarar shugaban ƙasa a kan Naira miliyan 100, PDP kuma miliyan 40. Ƙofa ta buɗe a takarda, amma makullinta na hannun masu kuɗi da iyayen gidan siyasa.

Makaranta ce ma'aunin farko

Yaro ba ya fara sanin rashin adalci a kotu ko a majalisa. A makaranta yake fara ganinsa, ranar da ya gane cewa ajin da yake zaune a ƙasa tare da yara fiye da ɗari ya bambanta da wanda ɗan mai unguwarsu ke zuwa a mota. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne. Bayan shekara ashirin, alƙaluman hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na nuna cewa yaran da ba sa zuwa makaranta a Najeriya sun kai tsakanin miliyan 18 zuwa 20, mafi yawansu a Arewa. Hukumar UBEC ta sha kokawa cewa jihohi da dama ba sa zuwa karɓar tallafin da aka ware musu, saboda sun kasa ajiye nasu kason. Kason ilimi a kasafin kuɗin tarayya ya daɗe yana ƙasa da kashi 10 cikin 100, alhali shawarar da ƙasashen duniya suka amince da ita ita ce kashi 15 zuwa 20.

Wanda ya samu shiga ajin ma bai tsira ba. Daga Chibok a 2014 zuwa Dapchi a 2018, daga Ƙanƙara a ƙarshen 2020 zuwa Kagara da Jangebe a 2021, har zuwa Kuriga a watan Maris na 2024, an kwashi ɗalibai daga makarantu an shiga daji da su. Galibin waɗannan makarantu na gwamnati ne, na 'ya'yan manoma da ƙananan ma'aikata, kuma matasa sun lura da hakan.

A jami'a labarin bai sauya ba. Ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU ta yi yajin aiki na wata tara a 2020, ta sake yin na wata takwas daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoban 2022. Ɗalibin da ya shiga karatun shekara huɗu a wancan tsakani ya yi asarar kusan shekara ɗaya da rabi a zaune. A cikin waɗannan watanni hotunan 'ya'yan manya na bikin kammala karatu a Ingila da Dubai suka riƙa yawo a Facebook da Twitter, abin da ya sa matasa suka yi ta kiran a kafa dokar da za ta tilasta wa masu riƙe da muƙaman gwamnati sanya 'ya'yansu a makarantun gida. Da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, jami'o'in tarayya da dama suka ƙara kuɗin rajista, wasu har ninki biyu ko fiye.

Gwamnati ta amsa da asusun ba da rancen karatu na NELFUND, wanda aka sanya wa dokarsa hannu a watan Afrilun 2024. Rancen babu ruwa a kansa, akwai Naira 20,000 na kashewa a wata, kuma sai bayan shekara biyu da kammala yi wa ƙasa hidima ake fara biya. Ɗalibai da yawa sun amfana, sun kuma yaba. Wasu na ganin an mayar da haƙƙi ya zama bashi, suna tambayar da wane aiki za a biya. Duk ɓangarorin biyu sun haɗu a kan cewa rancen jami'a bai shafi almajiri ko yarinyar da aka cire daga firamare ba. Makarantun tsangaya na zamani sama da 150 da gwamnatin Goodluck Jonathan ta gina, waɗanda aka buɗe ta farkonsu a Gagi da ke Sakkwato a 2012, da yawansu sun lalace saboda rashin kulawa. Sai a 2023 aka kafa hukumar tarayya ta musamman don almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta.

Abin da ba a faɗa a majalisa, ana rera shi

Amfani da fasaha wajen kukan zalunci tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Malam Sa'adu Zungur da Mudi Sipikin da Gambo Hawaja sun yi amfani da rubutacciyar waƙa wajen farkar da talakawa a zamanin jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agustan 1950. Malam Aminu Kano ya rubuta wasannin kwaikwayo tun yana malamin makaranta, yana nuna yadda ake cutar mai ƙaramin ƙarfi. Balaraba Ramat Yakubu ta yi amfani da ƙagaggen labari wajen bayyana halin da auren dole da sakin wulaƙanci ke jefa mata.

Matasan yau sun gaji wannan hanya, wayar hannu ce ta maye gurbin takarda da kaset. Shirin Kwana Casa'in na tashar Arewa24 ya samu karɓuwa saboda ya nuna yadda ɗan siyasa ke sayen ɗan jarida da ɗan daba, ya bar asibitin gari babu magani. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta fito da ɗaruruwan labaran mata matasa a kan fyaɗe da talauci da gudun hijira. Bikin littattafai da fasaha na Kaduna da aka fara a 2017 ya ba matasa masu waƙar baka ta zamani dandalin tsayawa gaban jama'a. A TikTok da Facebook kuwa, gajeren wasan barkwanci na minti biyu a kan makarantar da rufinta ya yaye kan kai inda rahoton kwamiti ba zai taɓa kaiwa ba.

Martanin hukuma ga wannan murya ya fi karkata ga hani. A 2007 aka ɗaure Adam A. Zango a Kano saboda fitar da faifan Bahaushiya ba tare da tantancewar hukumar tace fina-finai ba. A watan Nuwamban 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu hukuncin bulala ashirin-ashirin saboda bidiyon barkwanci da aka ce ya ɓata sunan gwamnan jihar na lokacin. Hukumar kula da kafofin watsa labarai ta NBC ta hana sanya waƙar This is Nigeria ta Falz a 2018, ta kuma hana ta Eedris Abdulkareem mai suna Tell Your Papa a watan Afrilun 2025. Gwamnatin tarayya ta rufe Twitter na tsawon wata bakwai daga Yunin 2021. A mafi yawan lokuta hanin ya ƙara wa abin da aka hana farin jini ne kawai, domin abin da aka cire daga rediyo yana nan a intanet.

Bakin matasa bai zo ɗaya ba

Kuskure ne a ɗauka cewa matasa murya ɗaya gare su. A watan Oktoban 2020, lokacin da Legas da Abuja suka ɗauki zafi da zanga-zangar #EndSARS, matasan Arewa da yawa sun ja baya, suna cewa abin da ya dame su shi ne 'yan bindiga da masu garkuwa da mutane, su ma suka fito da nasu kiran na a tsare Arewa. A watan Agustan 2024 sai reshe ya juye: Kano da Kaduna da Katsina da Maiduguri suka fi ko'ina cika, jihohin Kudu maso Gabas kuma suka yi shiru. Dalilin bai ɓuya ba. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya ce mutum miliyan 133 ke cikin talauci mai fuskoki da yawa, kashi 65 cikin 100 nasu a Arewa, kuma a watan Yunin 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100.

A kan fasaha ma akwai saɓani. Da gwamnatin tarayya ta shirya gina dandalin shirya fina-finai a Kofa da ke jihar Kano a 2016, matasa na cikin waɗanda suka mara wa malamai baya har aka soke aikin, saboda tsoron gurɓacewar tarbiyya. Wasu matasan kuma har yau suna kallon sokewar a matsayin asarar guraben aiki. Akwai kuma zargin da matasa ke yi wa masu fasahar kansu, cewa mawaƙin da ya yi kukan talaka bana yakan koma waƙar ɗan takara baɗi idan an ba shi mota.

Zanga-zangar Agusta ta nuna wani rauni na daban. A Kano an fasa cibiyar koyar da fasahar zamani ta hukumar NCC aka kwashe kwamfutoci da kujeru, wurin da aka gina domin horar da matasan. Wasu sun ɗaga tutar Rasha suna kiran soja ya karɓi mulki, alhali akasarinsu an haife su ne bayan 1999, ba su taɓa rayuwa a ƙarƙashin soja ba. Darasin tarihi ya yi shekaru fiye da goma ba ya cikin manhajar firamare da ƙaramar sakandare kafin a dawo da shi. Ƙungiyar Amnesty International ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a zanga-zangar, rundunar 'yan sanda ta musanta.

Abin da ya rage

Idan aka tattara koke-koken nan, buƙatun ba su da wuyar ganewa. Jihohi su ajiye kasonsu su karɓo kuɗin UBEC, su ɗauki malamai su biya su a kan lokaci. Gwamnatin tarayya ta cika yarjejeniyar da ta ƙulla da malaman jami'a domin zangon karatu ya daina yankewa. Hukumomin tace fina-finai da na watsa labarai su bambanta batsa da suka, su kuma bayyana ƙa'idojinsu a rubuce yadda mai fasaha zai san iyakarsa kafin ya kashe kuɗinsa. Ma'aikatar fasaha da al'adu da aka kafa a 2023 ta tabbatar tallafinta ya isa Kano da Jos da Sakkwato kamar yadda yake isa Legas. Makarantu su dawo da ƙungiyoyin muhawara da wasan kwaikwayo, inda yaro ke koyon kawo hujja da sauraron abokin hamayya.

Su ma matasan da nasu nauyin. Kuɗin da ake warewa ilimi a kasafin jiha a rubuce yake, ana iya bibiyarsa. Ƙuri'a miliyan 37 da ke hannun 'yan ƙasa da shekara 35 ta fi ƙarfin a raina ta. Mai waƙa da mai wasan barkwanci kuma su tantance labari kafin su yaɗa, domin ƙarya ɗaya ta isa ta zubar da mutuncin gaskiya goma.

Zaɓen 2027 na ƙaratowa, kuma yaran da suka tsaya a gaban kotu a Abuja suna da shekara 16 ko 17 za su isa yankar katin zaɓe a lokacin. Ko sun koma aji bayan sakinsu, ko sun koma bakin titi, shi zai nuna irin masu zaɓen da 'yan takara za su tarar a Kano da Kaduna idan suka fito neman ƙuri'a.