ADON HASKE A BIRNIN KATSINA: ARO KO ƘIRAR GIDA?

Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa unguwar Kambarawa bayan sallar isha'i a daren da aka ɗauke wuta, zai tarar hasken da ke kan hanya bai wuce na fitilar mai shayi, da tocilar mai tsire, da wayoyin samari da ke hira a dakali ba. A irin wannan hali, wanda ya ɗauko zancen ƙawata gari da haske sai a ɗauka gatse yake yi. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa adon haske sana'a ce da ta cancanci Katsina, amma da sharaɗin ya kasance hannun 'yan gari ne ya ƙera shi.

Haske ba baƙo ba ne

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa fitila tana da amfanin da ya wuce ganin hanya. A daren wowwo, cikin watan Muharram, samari kan kunna damin kara su yi ta wasa da wuta. Almajirai sun yi ƙarnuka suna karatun dare a gindin wutar kara, kuma 'yan gwangwani sun ƙera aci-balbal da ta haskaka kasuwannin dare tun kafin lantarki ya iso. Haka abin yake a wasu ƙasashe. Misirawa suna rataya fanus a lunguna idan azumi ya kama, mutanen Firitawun ta Saliyo kuma sun shahara da jerin gwanon fitilu wanda a da suke yi a ƙarshen Ramadan. A birnin Liyon na Faransa, al'adar jera kyandir a tagogi ranar 8 ga Disamba, wadda ta faro a 1852, ita ce ta haifi bikin hasken da ke jawo baƙi daga ko'ina. Abin lura shi ne, kowanne daga cikinsu a kan al'adar gida ya ɗora nasa.

Abin da zamani ya kawo

Abubuwa uku ne suka sauƙaƙa wannan aiki. Na farko, ƙwan LED, wanda masana uku 'yan asalin Japan, wato Akasaki da Amano da Nakamura, suka sami lambar Nobel a 2014 saboda ƙirƙiro shuɗin nau'insa, wanda ya buɗe hanyar samun fari. Ƙwai mai cin wat 10 yakan ba da haske daidai da tsohon ƙwai mai wat 60. Na biyu, farantin sola da batir, waɗanda suka raba fitila da jiran wutar gwamnati, ga shi kuwa rana ba ta yi wa Katsina rowa ba. Na uku, injin yanka da kwamfuta ke sarrafawa: mai zane ya tsara siffa a allon kwamfuta, injin ya huda ta a jikin farantin ƙarfe ba tare da kuskure ba, ko da sau ɗari ne. Idan aka sa ƙwai a bayan farantin, sai zanen ya faɗo a ƙasa ko a bango, haske da inuwa.

Inda gizo ke saƙa

Haɗarin shi ne sauƙin aro. Ana iya sayo bishiyar dabino ta roba mai walƙiya, irin wadda ake gani a shataletalen birane da dama, a kafa, a yanke kyalle, a tafa. Bayan damina ɗaya da hunturu ɗaya, ƙura ta rufe farantin, zafi ya kashe batir, babu kuma wanda ya san yadda ake kwance ta balle gyara. Masu iya magana sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Alhali kuwa taskar zane tana nan a gida: dagi da sauran zayyanar magina a fuskar soraye, da aska takwas ta wuyan riga, da zanen ƙwarya, da na dukawa. Wanda ya san ma'anar waɗannan shi ya kamata ya zauna kusa da mai kwamfuta. Injin ya yi yanka, maƙeri da mai walda su haɗa, ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina su ja waya. Ta haka kuɗin zai tsaya a gari, kuma ranar da fitila ta mutu, mai gyaranta yana nan a bakin kasuwa.

Har ila yau, wajibi ne a yi hattara da kayan tarihi. Hasumiyar Gobarau da tsohon ginin Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, ginin ƙasa ne. Ƙusa ɗaya da aka kafa domin rataya waya ta isa ta buɗe wa ruwa ƙofa. Fitilarsu a ƙasa ya kamata ta zauna, nesa da bango, mai launin ruwan zuma wanda zai fito da jan ƙasa, ba kore da shuɗi masu ƙiftawa kamar na gidan biki ba.

Masu suka

Akwai masu cewa garin da asibiti ke neman wuta bai kamata ya yi zancen ado ba. Maganarsu tana da nauyi, kuma ita ce ma'aunin da ya dace a auna kowane irin aiki da shi. Fitilar da ta haskaka allon sunan wani babba, ta bar kwata a duhu, almubazzaranci ce. Amma wadda aka kafa a mararrabar unguwa, ta nuna wa tsoho hanyar masallaci da asuba, ta ba mai ƙosai damar ƙara awa guda a kasuwarta, sannan ta shimfiɗa dagi a ƙasa yara suna tsallakawa, ta biya kuɗinta.

Kammalawa

Saboda haka, shawara ga hukuma da masu unguwanni ita ce a fara da kaɗan: fitilu 'yan ƙalilan a unguwa guda kamar Kambarawa, zanen magina, ƙirar maƙeran gari, tare da ware kuɗin sharar faranti da canjin batir tun ranar farko. Idan suka shekara biyu suna ci, sai a nufi Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Soro. Ga ɗaliban Hausa kuma akwai nasu aikin, wato tattara sunayen zane-zanen nan da ma'anoninsu daga bakin tsofaffin magina tun suna raye, domin injin ba ya yanka sai abin da aka ba shi.